Akuyar Haya a Gidan Surukai

Tun da dutsen Taal ya yi aman tokar nan da ta binne mana rufin gidaje, ba a sake yin wata musiba a lardin Batangas da ta kama ƙafar wadda ake yi mini a shagona ba. Ita toka ma da sauƙi, tsintsiya ta gama da ita. Ni kuwa, Esteban Macatangay, Mang Teban mai aski (Mang ɗin nan girmamawa ce, kamar a ce Malam), mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana fitar da mutane kunya daga wuya zuwa sama, yau na wayi gari duk ƙaton da na yi wa askin peso sittin sai ya biya, ya tsaya, ya miƙo mini tafin hannu ya ce, "Ina kashi gomana?" Peso shida! Shekaranjiya har da wani tsoho mai sanƙo, wanda gashin kansa duka bai cika cokalin shayi ba. Na kai ƙara wurin shugaban unguwa, ya saurare ni da kyau, ya girgiza kai, ya ce lallai an ci mini mutunci. Sannan ya miƙo nasa hannun.

To, ku gyara zama ku ji yadda aka kai ni ƙasa, ku yi hukunci da kanku.

Ɗana Dindo, mai walda a tashar jiragen ruwa, ya ga Liezel ya ce in ba ita ba sai rijiya. Ubanta shi ne Mang Kulas Dimayuga mai sayar da kofi a kasuwa, mutumin da ko murmushi zai yi sai ya ɗora a sikeli. Aka sa ranar Asabar za mu je gidansa neman aure, kuma kowa ya sani ba a shiga gidan Mang Kulas hannu na dukan cinya. Tukunyar naman akuya aka yi alkawari. Ran Litinin da safe matata Luming ta buɗe gwangwanin biskit ɗinta, ta ciro peso dubu goma ta damƙa mini.

"Ka hau tudu wurin Mang Ilyo mai kiwon awaki ka zaɓo mai ƙiba. Akuya, Teban. Ba zakaran faɗa ba, ba man gashi ba. Maimaita."

"Akuya."

"Mai ƙafa nawa?"

"Luming, ni fa ba yaro ba ne."

"Shi ne abin da ke damuna. Yaro da ya sayo."

Na bar ta da bakinta na tafi shago. Ina zaune ina jiran kan farko, sai talla ta faɗo a wayata daga wani gidan caca na intanet. An rubuta da manyan baƙaƙe masu ƙyalli: duk abin da ka faɗi a mako, za mu mayar maka da kashi goma cikin ɗari ranar Alhamis. Na karanta sau uku. Sai na ji wani haske ya sauko mini tun daga tsagar gashina har tafin ƙafa.

Kan farko na abokina Gorio ne, mai babur mai ƙafa uku, wanda muke kiran juna Pare tun da na riƙe 'yarsa a baftisma. Na ɗaura masa ƙyalle a wuya don kada ya gudu, na shimfiɗa masa ilimi.

"Pare, talaka yana caca don ya ci. Ci kuwa sa'a ne, sa'a kuma ba ta da adireshi. Ni zan yi caca ne don in faɗi, faɗuwa kuwa ba ta saɓa alkawari. In na ci, akuya biyu. In na faɗi, su biya ni ladan faɗuwa, in sake zubawa, su sake biya. Rijiya ce, kana ja tana kawowa."

"Rijiya ce kam," in ji Gorio. "Ka dai duba waye guga, kai ko su."

"Hassada ce ke cin ka."

"To kawo dubu goman ka ba ni. Ni dubu biyu zan mayar maka, har in kai ka gida a babur kyauta."

"Kai ba kamfani ba ne, Pare. Sunkuyar da kai."

Da rana na tsallaka kantin Aling Saling da ke bakin layi. Ita ce ke zuba wa mutane kuɗi a waya, ita ce kuma gidan rediyon unguwarmu, ba eriya ba batir. Ta ƙirga kuɗin, ta dube ni ta saman tabarau.

"Dubu goma a waya, Mang Teban? Akuyar ta intanet za a aiko?"

"Kasuwanci ne na masu ilimi, Aling Saling. Ba sayar da sabulu ba."

Wasan da na zaɓa na 'ya'yan itatuwa ne, ka danna su juya, in uku iri ɗaya suka jeru ka ci. Na danna: lemo, lemo, ayaba. Na danna: kankana, kankana, ayaba. Ban taɓa sanin ayaba tana da mugun hali haka ba. Tsakanin kai da kai nake yi, wani lokaci ma da almakashi a hannun dama, waya a hagu. Ran Laraba da la'asar dubu goman nan ta ƙare tas. Na rufe shago ina fito. A rayuwata ban taɓa ganin shiri ya tafi daidai da tsari haka ba.

Ran Alhamis da hantsi shago ya cika, na ajiye wayar a gaban madubi da ƙararta a ƙure. Ina tsakiyar gyara wa wani malamin makaranta ƙeya, sai wayar ta fashe da kiɗa da busar ƙaho, zinariya tana zubowa a fuskarta kamar ruwan sama: MUNA TAYA KA MURNA, MANG ESTEBAN! Na ɗauka na duba. Peso dubu ɗaya.

A daidai lokacin ne lissafi ya iso mini, kamar baƙon da ya zo bayan an wanke kwanuka. Dubu ɗaya ba ta sayen akuya. Ko kai da ƙafa sai an yi maka ragi.

Kafin in haɗiye wannan, Aling Saling ta shigo da kofin da nake saye kullum. Ta ga zinariya tana zuba, ta dire kofi a cinyar malamin makaranta, ta kwarma ihu har bakin titi.

"Ya ci! Jama'a, Mang Teban ya ci! Nawa ne? Nawa?"

Idanu goma sha biyu suka juyo kaina. Ku fahimce ni, shekara ashirin da bakwai ina kallon ƙeyar mutane, ran nan ne karon farko da kowa ya juyo yana kallon fuskata. Na kife wayar, na zaro matajina daga aljihu, na gyara gaban gashina a madubi.

"Aling Saling," na ce, "mutumin kirki ba ya faɗin adadi."

"Balato!" in ji malamin makaranta, ko kofin da ke cinyarsa bai goge ba. "Balato, Mang Teban!"

Ga inda al'adarmu ta yi mini ƙulli. Duk wanda ya ci caca a garin nan, ta zakaru ce ko ta tikiti, ba shi kaɗai ya ci ba, dole ya yayyafa wa duk wanda ya ji labari ɗan wani abu, shi ne balato. Wanda ya hana, sa'arsa ta yi tsami, sunansa ya fi ta tsami, har jikokinsa sai an nuna da baki a coci. Wanda ya faɗi kuwa ba a bin sa komai. Ƙofa a buɗe take, kalma biyu kawai zan ce in fita. Sai na jawo aljihun tebur na fara rabon hamsin-hamsin.

Gorio, da ya shigo jin ihu, ya ja ni gefe.

"Pare, ladan faɗuwar ne ya zo, ko?"

"Rufa mini asiri. Ga ɗari."

"Balato ne?"

"Na rufe baki ne."

"Bakina babba ne, Pare." Sai da na ƙara hamsin.

Kafin azahar, a kantin Aling Saling, abin da na ci ya kai dubu hamsin. Ƙarfe uku ya zama dubu ɗari biyu. Da mai sayar da kifi ya kai labarin kasuwa ya dawo da shi, miliyan ɗaya ne da fili a Tagaytay. Aljihun tebur ya ƙare, na koma aski kyauta. Kai ashirin da uku na aske a yini ɗaya, har hannuna ya gaji ya goce na buɗe wa sakataren unguwa hanyar mota a tsakiyar ka. Ya duba madubi, ya ce ba komai, attajiri ne ya yi, a ba shi fankar shago ya huce. Mai busa ƙaho na coci ya tafi da rediyona. Wani ƙato mai gemu da ban taɓa gani ba ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa, ya ce ni na riƙe shi a baftisma. Na ce shekararka nawa? Ya ce arba'in da takwas. Ni ina da hamsin da ɗaya. Ya tafi da kwalbar turarena.

Da na samu sarari na shige banɗaki na kulle, na ce bari in cire dubu ɗayan nan ko kaji ne in saya. Wayar ta ce ba a cirewa. Na rubuta wa mai amsa tambayoyin gidan cacar, wata mai ladabi kamar 'yar gidan sarauta.

"Yallabai, kyauta ce ta wasa. Sai ka juya ta sau goma sha biyar cikin kwana uku kafin a iya cirewa."

"'Yata, sau goma sha biyar ai wasan dubu goma sha biyar ke nan. Ni dubu ɗaya ce da ni."

"Haka ne, yallabai. Allah ya ba da sa'a."

Na zauna a nan na juya. Ana buga ƙofa ana kiran balato, ni ina ciki ina fama da ayaba. Cikin minti ashirin saura peso goma sha biyu. Na sake rubuta mata, na ce to a lissafa mini kashi goma na wannan faɗuwar.

"Ba a mayarwa a kan kyauta, yallabai, sai kuɗin da ka zuba daga aljihunka. Yana sakin layi na bakwai. Ko za ka ƙara zubawa?"

Ashe rijiyar guga ɗaya gare ta, shi ma ɗaure yake.

A gida Luming ta ajiye mini shinkafa da soyayyen kifi, ta zauna ta zuba mini ido.

"Na ji ka ci miliyan."

"Kin san mutane da ƙari."

"Ina akuya?"

"Tana kan tudu tana shan iska. Iskar can tana ƙara wa nama zaƙi."

"Ni ban aike ka miliyan ba, Teban. Ka riƙe miliyanka, ka kawo mini akuyata."

Ran Juma'a da safe Mang Kulas da kansa ya shigo shago, abin da bai taɓa yi ba, don a Lipa yake aski. Ya zauna, ya auno murmushi kamar rabin awo ya ba ni.

"Na ji Allah ya buɗa, Mang Teban. Da mutum goma sha biyu na gayyata gobe. Da na ji labari sai na ce kada in ƙasƙantar da kai, na aika Lipa da Bauan. Yanzu arba'in ne."

Zuciyata ta ce faɗi gaskiya. Hanjina ya ce faɗi gaskiya. Bakina ya ce, "Arba'in kawai?"

Yana fita na kira Gorio ya hau da ni tudu. Mang Ilyo tsoho ne mai nauyin kunne, amma in maganar kuɗi ce yana jin motsin tururuwa. Akuyar sayarwa ba ta fita garkensa sai kuɗi a hannu. Sai na hango wata fara ƙal, mai sheƙi, kwance a kan buhu a inuwa kamar matar gwamna.

"Waccan fa?"

"Senyorita ce. Ba ta sayarwa ba ce. A ɗakina take kwana."

Nan wani sabon haske ya sauko mini, wanda ya fi na Litinin. Na ce ya ba ni hayarta awa uku. Mu kai ta gidan surukai da ranta, kowa ya gani ya yaba, in ce ta yi kyau da yawa, a bar ta sai ranar ɗaurin aure, sai Mang Ilyo ya komo da ita da sunan kiwo. Kafin ranar aure ai Allah mai iko ne. Na ba shi agogona da askin shekara kyauta. Ya ce ya yarda, amma ƙafarsa ƙafarta. Na ce to zan ce kawuna ne daga ƙauye.

"Pare," in ji Gorio a hanyar gangarowa, "wannan karon kashi nawa za a mayar maka?"

"Tuƙa babur."

Ran Asabar Luming ta tashi ta jajjaga tumatir da albasa, ta ɗora babbar tukunya, ta wasa wuƙa. Ƙarfe goma muka iso da Senyorita, jan ƙyalle ɗaure a wuyanta, Mang Ilyo a bayanta cikin farar rigar bikina da ta sauko masa har gwiwa.

"Wannan fa?" in ji Luming.

"Yayin Manila ne yanzu, da rai ake kaiwa. Kin zauna a gida duniya ta wuce ki."

Ta dubi akuya, ta dubi Mang Ilyo, ta dubi wuyan hannuna inda agogo yake zama. Ta sauke tukunya ta juye tumatirin a kan taliya. Na shekara ashirin da tara da Luming, ihunta bai taɓa ba ni tsoro ba. Shirunta kuwa ko likita ya ji sai ya sake duba ka.

Muka kama hanya: Dindo a gaba, sai zufa yake cikin sabuwar riga, Luming da tiren taliya, ni da igiyar Senyorita, rabin unguwa a bayanmu don kowa yana son ganin neman auren ɗan miloniya. Tsakar gidan Mang Kulas cike da mutanen Lipa da Bauan, kowa da faranti a cinya. Kafin a gama gaisuwa Senyorita ta cinye furen da uwar Liezel ta shekara uku tana reno. Na yi maza na buɗe jawabi. Na yabi gidan, na yabi kofi, na yabi Liezel, na gabatar da kawuna, na ce mun kawo akuya da ranta don a ga ba mu da abin ɓoyewa, kuma irin wannan dabba ba a gaggawa da ita, sai ranar aure.

Mang Kulas ya taso, ya shafa bayanta, ya matsa cinyarta kamar yana duba buhun kofi.

"Madalla. Amma mutum arba'in ba sa ƙoshi da taliya. Berto!" Ya kira ƙaninsa. "Kawo wuƙa, a ɗora ruwan zafi."

"Mang Kulas, a danginmu ba a yanka farar akuya ranar Asabar."

"A danginmu ana yi."

"Ta sha magani jiya. Sai ya sake ta."

"Wuta za ta sa ya sake ta."

"Ai... ba ta yi sallama da 'yan'uwanta ba."

Mang Ilyo bai ji ko kalma ɗaya ba, yana can yana yi wa kowa murmushin kawu. Amma idonsa garau yake. Da ya hango Berto ya fito yana goga wuƙa a dutse, sai tsohon nan ya yi wani tsalle da ban san yana da shi ba, ya faɗa kan akuya ya rungume wuyanta.

"Kada wanda ya taɓa ta! Haya ce! Awa uku muka yi da shi, saura minti arba'in! Ni ba kawun kowa ba ne, ga agogonsa ma!"

Senyorita ta firgita ta zabura, igiya kuwa a naɗe take a hannuna. Ta ja ni ta ƙarƙashin teburin abin sha, muka fito ta ɗaya gefen ni da ita da ƙyallen tebur, na tsaya a gwiwa a gaban kakar Liezel, ruwan kwakwa yana bin gashina.

Luming ta ajiye tirenta a hankali, ta zo ta miƙo hannu. Na ba ta wayar. Ta sa tabarau ta karanta da muryar da take karatu a coci.

"An zuba dubu goma. An faɗi dubu goma. An mayar da dubu ɗaya. Saura peso goma sha biyu."

"Miliyan ɗin fa?" in ji Aling Saling daga bakin ƙofa.

"Sai ki tambayi kantinki," in ji Gorio.

Na saci kallon Dindo. Kansa a ƙasa, yana murza gefen sabuwar rigarsa, kunnuwansa sun yi ja. Wannan kam ya fi ruwan kwakwa sanyi a jikina.

Mang Kulas ya mayar da duk murmushin da ya taɓa ba ni cikin buhu. "Gidan da aka shigo da ƙarya tun daga ƙofa," ya ce, "ban san me za a tarar a ɗaki ba."

"Baba," in ji Liezel daga bayan uwarta, "ni ba akuya zan aura ba. Ba kuma babansa ba."

Wata gwaggo daga Bauan ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da faranti. Mang Kulas ya dubi 'yarsa, sannan ya juyo kaina.

"To. Na gayyato mutum arba'in a kan labari. Ina so in san wa ya jawo wannan. Ka faɗa da bakinka kowa ya ji, sai mu zauna mu yi maganar yara. In ba haka ba, ku ɗauki taliyarku."

Na miƙe, na ɗaga yatsa, don ina da jerin masu laifi a shirye. Na nuna Aling Saling, sai na tuna ita tambaya kawai ta yi. Na juya wajen Gorio, ya harɗe hannu yana jira. Yatsan nan ya zaga tsakar gidan kaf bai samu masauki ba, ya dawo ya sauka a ƙirjina.

"Ni ne," na ce a hankali.

"Me ya ce?" in ji Mang Ilyo daga ƙasa, har yanzu yana rungume da Senyorita.

"Ni ne."

"Wai wa?"

"Dattijo bai ji ba," in ji Mang Kulas. "Mutanen baya ma ba su ji ba."

Na cika ƙirji da iska. "Ni ne! Ba wanda ya cuce ni! Ni na cinye akuyar tun ba a saye ta ba, na kuma yi rabon cin da ban yi ba!" Karnukan layi uku suka amsa.

Mang Kulas ya jawo kujera da hannunsa, ya kakkaɓe ta, ya ajiye wa Luming. "Zauna, surukata, mu sa rana. Da ke zan yi magana." Aka aika kantin Aling Saling aka kwaso kifin gwangwani aka juye a taliya, mutum arba'in suka ci, aka sa aure watan Mayu. Dindo ya ɗago kai a karon farko, Liezel ta miƙa masa faranti.

Saboda haka, ku da na ce ku yi hukunci, ku huta. Na so in ba ku labarin nan yadda laifin zai faɗa kan wani, na juya shi ta kowace fuska, bai faɗa ba. Ni ne. Sai dai kada ku ce in sake faɗa da ƙarfi, maƙogwarona bai warke ba.